Yadda Anka Kai Ni Faransa In Ja Ƙarfe

Ni ba matafiyi ba ne, kowa a Geceme ya sani. Ko lokacin da nake kokawa, in anka gayyace mu Tibiri ko Dogon Dutsi, ina ka da wanda zan kayar sai in naɗe warkina in kama hanyar gida, don tuwon gidan wani ba ya zama mini a ciki. Har abokaina sunka sa mini Arzika mai kwana gida. To ni ɗin nan ne anka ɗauka anka kai Faransa, 'yan shekaru kaɗan bayan Nasara sun sauke tutarsu, na yi wata biyar. Ba neman aiki ya kai ni ba, ba karatu ba. An kai ni ne in ja wani ƙarfe.

Wanda ya jawo tafiyar shi ne Bulus, ɗan Baba Tankari makaɗinmu. Mu da Nomau munka san shi. Tun yana ƙarami 'yan mishan na Dogon Dutsi sunka sa shi lakkol, wato makarantar boko, ya shiga addininsu, ya zama Bulus, ya wuce Yamai, ya wuce Dakar, daga nan sai Faransa. Karatunsa kan jikin 'yan wasa ne: nama, zuciya, numfashi, da inda ƙarfi ke fitowa. Wani babban littafi yake rubutawa, suna ce masa tez, in an karɓa shi ke nan ya kai ƙarshen karatu.

Wata kaka ya zo hutu da akwati. Cikinsa akwai faranti na ƙarfe da za ka taka da ƙafa biyu, da sarƙa, da mariƙi, da fuska irin ta agogo mai allura guda. Ka duƙa ka ja, allura ta tafi, inda ƙarfinka ya ƙare nan take tsayawa. A fagen kokawa ya auna mu, ana gab da fara wasa, don nan ne kawai zai same mu a haɗe. Tawa ta fi ta kowa nisa. Ya ɗiga jan fenti a kan gilashin, daidai inda ta tsaya, ya koma Faransa da murna.

Babban malaminsu ya duba ya ce ba zai yiwu ba, mutumen da gero ke riƙe da shi ba zai wuce 'yan wasansu ba. Ko dai ƙarfen ya lalace, ko Bulus ya ƙara. Anka duba ƙarfe, lafiyarsa lau. Sai ya ce to a kawo mutumen. In allura ta kai jan fenti, Bulus ya ci gaba da littafinsa. In ba ta kai ba, ya tattara kayansa, don ba sa riƙe mai ƙarya.

Na so in ƙi. Baba Tankari ya zo har gida ya zauna a kan turmi ya ce, "Arzika, yaron ga ba ya ƙarya. Je ka ja musu ka dawo." Na ce sai in zan dawo kafin ruwan shuka. Anka ce an yarda.

Ba zan tsaya kan yadda munka rabu da gida ba. Wani fada na mishan ya sa ni mota da takarduna a ɗinke cikin riga, na bi ta Dosso da Gaya, na hau jirgin ƙasa a Paraku, na sauka Kwatano. Nan na fara ganin teku, kuma nan munka ɓata da ita. Kusan sati biyu a jirgin ruwa, abin da na ci duk na mayar. Ina kwance ƙasan jirgi tsakanin sojoji da 'yan lakkol, kai na bisa buhuna. Buhun nan matata Hajo ta haɗa shi: garin gero, dawo busasshe, kilishi, daddawa, kuka. Ban buɗe shi ba ko sau ɗaya. Na ce ba zan ɓata abincin kirki a cikin da ba ya riƙe komai ba, sai na taka ƙasa.

A Marsai munka sauka. Bulus ya rubuto cewa zai tarye ni, amma jirginsa na ƙasa ya makara. Ina tsaye cikin taro, sanyi na shiga ta ƙafar wando, sai na ji an ce, "Sannu da zuwa, ɗan uwa." Wani baƙin mutum ne da hula irin ta ma'aikata. Kunnena ya gaya mini Hausarsa ta bariki ce, ba ta tsotso ba, amma sati biyu ban ji an yi mini sannu ba. Ya tambayi gida, ya tambayi damina, sannan ya dubi buhuna ya girgiza kai.

"Abinci ne? Kai, 'yan duwan masu binciken kaya ƙone shi za su yi. Kawo in fitar maka ta ƙofar baya, ka same ni waje."

Na ɗora masa a kafaɗa da hannuna, har na yi masa godiya. Ina jiransa bakin ƙofa Bulus ya iso da gudu. Da na gaya masa, sai ya zauna kan akwatina ya riƙe kai.

"Yaya Arzika, nan ba Geceme ba ne."

"Na gani," na ce.

Garin da lakkol ɗinsu take tafiyar rabin yini ne daga Marsai. Sunansa bai taɓa zama a bakina ba. Anka ba ni ɗaki can sama, sai ka hau matakala har numfashinka ya canza. Ba tsakar gida, ba inuwar zama, taga ɗaya mai kallon bangon wani. Da safe in fita in gai da wanda na tarar a matakala, ya dube ni kamar na roƙe shi wani abu. Abinci burodi ne da dankali da wani ganye ɗanye. Nama sai Bulus ya rantse mini ba na alade ba ne kafin in taɓa. In na tuna yanzu Hajo na can tana surfe, awaki na damun ta, sai in ajiye cokali.

Ɗakin da ke kusa da nawa na wani ɗan Dahome ne, Sosu. A zangon Paraku ya tashi, yana jin Hausar kasuwa. Na tambaye shi mi yake karantawa, ya ce falsafa.

"Mi ke nan?"

"Tunani."

"Yanzu gwamnatinku ta turo ka nan ka yi tunani? A Dahome an hana?"

Ya yi dariya har ya yi tari. Daga ranar nan in ya dafa shayi sai ya ƙwanƙwasa bango.

Kwana uku da zuwana anka kai ni ɗakin gwaji. Ɗaki ne fari tas, ba ka jin komai sai agogon bango. Babban malamin dattijo ne mai lofe, ba ya kunna shi, sai dai ya riƙa taunawa. Bai wulaƙanta ni ba. Ya ba ni hannu, ya ce ta bakin Bulus in bar layuna a jikina, ba ya so gobe a ce don an tuɓe su ne. Anka auna tsayina, anka ɗora ni a sikeli kamar buhun gyaɗa, anka saurari ƙirjina. Ga ƙarfen nan, na gane shi, ga jan fentin. Na taka, na duƙa, na ja iya ƙarfina. Allura ta tafi rabin hanya da ɗan ƙari ta tsaya. Na sake, ta tsaya baya da nan.

Mai lofe ya ce teku ta ci ni, a ba ni wata guda.

Bulus ya ɗora ni kan nama da ƙwai da wasu ƙwayoyi. Kullum da hantsi ya kai ni filin wasansu in yi ta zagaye da gudu, ba wanda nake bi ba wanda ke bi na. Bayan wata anka sake gwaji. Allura ta ɗan matsa, amma tsakaninta da jan fenti har yanzu tafin hannu.

A ƙasan ɗakin gwajin akwai wata Banasariya, Odil, ita ma tez take rubutawa, tata kan tsuntsaye ce. Keji-keji cike da 'yan ƙananan tsuntsaye, tana auna abin da sunka ci da yadda suke ƙiba. Wata rana ina jiran Bulus a ƙofarta sai hancina ya ji abin da ya sani. Na leƙa. Tana ɗibar tsaba daga bokiti tana zuba musu. Na shiga ba sallama, na tura hannu cikin bokitin har gwiwar hannu. Gero ne. Ƙwayarsa ta fi tamu ƙanƙanta, amma gero ne.

Ta tsorata, ta kira Bulus. Da ya yi mata bayani sai fuskarta ta yi ja. A can tsuntsu kawai ake ba shi. Ta ce a ba ni haƙuri, ni kuma ban ga abin haƙuri ba. Washegari ta kawo mini rabin buhu, ta wanke, ta niƙa mini da injin niƙan kafe, kofin da suke sha, na gidansu, tunda babu turmi a ƙasar. Na dafa dawo a tukunyar Sosu, na dama da yawur, nononsu na kanti. Ba furar Hajo ba ce, ba citta ba kanumfari. Na sha, na daɗe ban ɗago kai daga kwanon ba. Odil ta ɗanɗana cokali guda don kunya, ta ce da daɗi, idonta na cewa wani abu daban. Tun daga nan duk sati sai ta raba geron biyu, rabi na tsuntsaye rabi nawa.

Jikina ya dawo. Na ji shi a kafaɗa, na ji shi a cinya. Na ce wa Bulus wannan karon an gama. Gwaji na uku allura ta tsaya saura yatsu uku. Na ja har na ga duhu, ba ta ƙara ba.

Mai lofe ya cire lofen daga baki ya yi magana a hankali. Lokacin na fara tsintar Faransanci, na ji "sati biyu", na ji "na ƙarshe". Sauran na karanta a fuskar Bulus.

Ranar Lahadi da rana ni da Bulus muna zaune ɗakin Sosu, sai Sosu ya ce, "Arzika, in tambaye ka. In kana barci, ƙarfinka ina yake?"

"Yana jikina mana."

"To yanzu ma yana jikinka. Ka ci, ka ƙoshi, ka fi da nauyi. Mi ya hana shi fitowa?"

"In na sani ai da na kore shi."

"Ranar da ka ja a gida, mi ke akwai can wanda babu nan?"

Na ƙirga masa: rana, rairayi, mutane, mata na guɗa, abokin karawa na harara ta. Ya ce waɗannan ba su shiga jirgi. 

Bulus na gefe, bai sa mana baki ba. Takardunsa na gabansa, ba ya karantawa. Ya rame ya fi ni lokacin da na sauka jirgi. Yatsunsa kawai ke motsi a kan tebur, bai ma san suna yi ba. Biyu a hannun dama, ɗaya a hagu, tsayawa, sannan uku a jere. Kafin in gane abin da nake ji, gashin hannuna ya tashi, naman cinyata ya fara rawa.

Kowane ɗan kokawa da takensa, kiɗan da makaɗi ya yi masa shi kaɗai. In anka buga shi ko kana bayan gari ka san kai ake kira. Nawa Baba Tankari ya yi mini tun ina saurayi, ban taɓa shiga fage ba tare da shi ba. Shi ne ke fita daga yatsun Bulus.

"Nomau," na ce. Tun zuwana ban kira shi haka ba. Yatsun sunka tsaya. "Ranar da na ja ƙarfen ga a Geceme, wa ke tsaye bayana?"

"Mutane da yawa."

"Da ganga a rataye."

Ya shiga juya takardunsa. Na ƙara masa wata tambayar.

"Ka sa shi cikin littafinka?"

"Wannan ba ilimi ba ne, Yaya. Na rubuta zafin rana, na rubuta abin da kunka ci, na rubuta shekarunku."

"Mi ka ce musu babanka ke yi?"

"Noma."

"To, ai yana noma."

"Yana noma," ya ce, yana kallon tebur.

Sosu ya tashi ya ce zai sayo burodi, alhali ga burodi a gabansa.

Na ce, "Ni dai ban iya karatu ba, amma na san jikina. Ba gero ba ne, ba sanyi ba ne. Ba a kira ni ba ne. Ka buga mini take in ja."

Ya miƙe tsaye. "Shekara ashirin ina karatu don kar a sake ce mini ɗan maroƙi. A mishan yara da shi suke zagi na. Yanzu in tsaya gaban Nasara da kwat a jikina in buga gwangwani? Su ce ga shi nan, mun sani, komai nisan karatunsu can suke komawa?"

"Za su iya faɗi," na ce. "Amma suna biyu ne a gabanka. Ko su ce ɗan makaɗi, ko su ce maƙaryaci. Ɗaya gaskiya ne. Tsohon da ya zo gidana cewa ya yi ba ka ƙarya."

Ya fita. Sauran kwanakin nan bai sake tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba.

Ranar gwajin ƙarshe ɗakin ya fi kullum cika. Malamai uku, 'yan lakkol, Odil ta hau da bokitin geronta a hannu don daga ciyarwa ta fito, Sosu ya laɓe bakin ƙofa. Na taka faranti, na ja. Saura yatsu uku, kamar an kafa mata ƙusa. Mai lofe ya jawo takardun Bulus ya fara rufewa.

Sai Bulus ya tuɓe kwat ya rataye a kujera. Ya je wajen Odil ya karɓi bokitin, ya juye sauran geron kan tebur, ya kife shi a hammata. Ya ɗauki wata 'yar sandar awo ta katako. Bugun farko ya fita kamar yaro na korar tsuntsu daga gona. Wani ɗan lakkol ya yi dariya. Bugu na biyu ya zauna. Biyu, ɗaya, tsayawa, uku a jere. Sannan ya buɗe baki, muryar ta fashe amma ta fita:

"Arzika bakin rijiya, mai leƙe ya ja da baya! Na Hajo, mai kwana gida! Tashi, ana jiran ka!"

Ban san lokacin da na duƙa ba. Ban ga allura ba, ban ga ɗaki ba. Na ji dai sarƙa ta yi ƙara, na ji Odil ta yi ihu. Da na saki, Sosu ya shigo tsakiyar ɗaki yana nuna gilashi. Allurar ta hau jan fenti ta ɗan gota.

Mai lofe bai tafa ba. Ya ce in huta in sake ba kiɗa. Saura yatsu uku. Ya ce a sake da kiɗa. Ta hau. Ya kira wani ƙaton ɗan wasansu ya ce Bulus ya buga masa. Bai ƙara komai ba, sai ma dariya da ta kama shi. Ai ba takensa ba ne.

Sannan dattijon ya juya wajen Bulus. Sosu ya matso yana juya mini a kunne.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Babana. Sana'arsa ce. Shi ke bugawa ranar da na yi awon farko."

"Kuma ba ka rubuta ba."

"Ban rubuta ba."

Nan ne ya yi faɗa, faɗa sosai, yana buga lofe a tebur. Ya ce Bulus bai ƙara komai ba, ya yarda, kuma zai faɗi haka gaban kowa. Amma ya rage, kuma a aikinsu ragewa ma laifi ne. Ya ce abin da ya ɓoye shi ne littafin, sauran duk kowa na iya aunawa. A sake tez daga farko. Shekara guda ta ƙaru wa Bulus, amma bai tattara kayansa ba.

Ni kuma sati shida sunka ƙara riƙe ni, an manna mini wayoyi a ƙirji, ja da kiɗa, ja ba kiɗa. Odil ta sadaukar da bokitin. Ranar da zan tafi ta ba ni kafe in kai wa Hajo, Sosu ya ba ni rigar sanyinsa da ban san inda zan sa ta ba a Arewa. Bulus ya raka ni har cikin jirgi a Marsai, bai saki akwatina ba sai da ya ga gadona.

Na iso Geceme saura kwana tara ruwan shuka ya sauka. Bayan na ci tuwo na yi wanka, da la'asar na tafi gidan Baba Tankari. Na same shi ƙarƙashin iccen bedi yana ɗaure tsarkiyar ganga. Na ba shi labari tun daga Kwatano. Bai yi dariyar buhuna ba, bai yi mamakin geron tsuntsaye ba. Da na zo kan bokiti sai hannunsa ya tsaya.

"Gaban Nasara?"

"Gabansu, Baba. Sunka tambaye shi wa ya koya masa, ya ce babana, sana'arsa ce."

Ya sake kama igiyar.

"Ya buga daidai?"

Na so in ce ƙwarai, amma ba a yi wa makaɗi ƙarya kan kiɗa. "Wuri ɗaya yake kuskure. Wajen juyi, hannun hagu na riga shi sauka."

"Hm," ya ce. "Tun yana yaro nan yake kuskure."

Ya ja igiyar ya ɗaure, ya ɗan buga fatar da yatsa ya saurara.

"In ya zo hutu ka turo mini shi. A gyara masa, tunda ya fara bugawa cikin mutane."